Ranar da Jaki Ya Wuce Hadi Ruwan-Naƙuda

A bakin titin Basirka, inda 'yan acaɓa ke jingine baburansu a gindin dalbejiya, akwai wani labari da ba ya tsufa. Wata ranar kasuwa ce cikin kaka, da hantsi, hanyar ƙauye cike da masu tafiya cin kasuwa, sai jama'a suka ga abin da ba su taɓa zato ba. Jakin Baba Iliyasu, tsohon jaki mai ɗingishi, ɗauke da buhun dawa, ya biyo Hadi a baya, ya cim masa, ya ɗan dube shi ta wutsiyar ido, sannan ya wuce abinsa. Hadi kuwa yana kan babur, inji na aiki, matarsa Ummussalma na zaune a baya da tsohon ciki. Ba faci ya yi ba, mai bai ƙare ba. Tafiyar ce kawai yake yi kamar hawainiya mai azumi, ƙafafunsa biyu na jan ƙasa, gumi na tsatso masa.

Da wani ne daban, da an yi dariya an manta. Amma Hadi ne fa, wanda kaji ke gane ƙarar babur ɗinsa tun daga nesa su haye katanga.

Hadi ɗan Malam Buba ne, daga wata 'yar ruga da ta zama ƙauye a bayan Basirka. Kakanninsa masu shanu ne, amma shi Fulatancinsa bai wuce gaisuwa da zagin saniya ba. Ya yi kiwo yana yaro, kuma an ce ko a lokacin da gudu yake kora dabbobin, har mahaifinsa ya lura cewa shanun gidansu sun fi na kowa sanin hanya, sun kuma fi na kowa rama. Da ya isa saurayi aka sayar da bijimi ɗaya aka saya masa babur, don shanun su huta.

Tsakanin ƙauyensu da titi akwai wata hanya da ruwan damina ya sassaƙa yadda ya ga dama. Rami na bin rami, ga tsakuwa, ga saiwoyin itatuwa kwance kamar macizai. Wata rana Hadi ya ɗauko wata mata mai suna Mansura, wadda cikinta ya wuce watansa har dangi sun fara jin nauyin tambaya. Ya bi da ita ta nan da irin gudunsa na kullum. Tana salati, yana zaton yabonsa take yi. Ba su kai titi ba ta ce ya juya, kuma kafin la'asar aka ji guɗa. Daga ranar aka raɗa wa wurin suna Gargadar Mansura, shi kuma aka laƙaba masa Ruwan-Naƙuda, wato ruwan nan da ake ɗaura wa mace a asibiti in haihuwa ta yi nawa.

Wani da an yi masa wannan laƙabi zai ji kunya. Hadi rubuta shi ya sa aka yi a bayan babur.

Magidanta suka fara zuwa wurinsa a asirce, su ja shi gefe kamar masu neman aure. "Hadi, watan fa ya gota." Shi kuma sai ya gyara tsayuwa, ya haɗe gira irin ta manyan likitoci. "Na fari ne ko ta saba?" In aka ce ta saba, ya ce zuwa ɗaya ya isa. In na fari ne, zuwa da dawowa, a giya ta uku. Wadda ta haihu cikin satin, aikin Hadi ne. Wadda ba ta haihu ba, ita ce ba ta iya zama ba. Ba wanda ya taɓa tsayawa ya yi tunanin cewa duk matan da yake ɗauka sun riga sun cika wata tara da 'yan kai, waɗanda ko a kan katifa aka jera su haihuwar za su yi. Shi kansa Hadi bai taɓa wannan tunanin ba, kuma a nan gaskiyarsa take: ba mayaudari ba ne, shi ne ma babban mai imani da maganinsa.

Duk lokacin zaɓe, in 'yan takara suka zo suka yi rantsuwa za su gyara hanyar, kowa tafi yake yi, Hadi kaɗai ke komawa gida cikin zullumi. Amma Allah Ya saka wa 'yan siyasarmu da alheri, har yau ba wanda ya ci amanar sana'arsa.

Ya auri Ummussalma, 'yar wani manomin gyaɗa daga wajen Fagam, mace mai sanyin magana da kaifin amsa. Cikinta na fari shi ya fara koya wa Hadi cewa akwai abin da murɗa totur ɗin babur ba ya iyawa. Yaron a gicciye ya kwanta. Aka wahala a gida, aka sha rubutu, aka sha jiƙo, daga ƙarshe aka kwashe ta sai babban asibiti a Birnin Kudu, aka yi mata aiki aka ciro Musaddiq. Ranar sallama wata ma'aikaciyar jinya, Sista Munawwara, ta sa aka kira mijin. Ta tambaye shi sana'arsa, ya faɗa, har da laƙabin, don yana ganin ai abokan aiki ne.

Sista ta cire tabarau ta dube shi da kyau.

"To Malam Ruwa, ka san tayar da aka yi wa faci?"

"Ranki ya daɗe, da ita nake kwana nake tashi."

"Tana ɗaukar iska?"

"Ƙwarai kuwa. Wani facin ma ya fi sabuwa."

"Amma za ka ɗura mata iska da ƙarfi a tsakiyar daji, inda babu mai faci?"

Hadi ya girgiza kai. Sista ta ci gaba.

"Mahaifar matarka yanzu akwai ɗinki a jikinta. In Allah Ya kawo wani cikin, tana iya haihuwa da kanta, da yawa suna yi. Amma a nan za ta gwada, inda ɗakin tiyata ke kusa, ga jini in an buƙata. Ta riƙa zuwa awo. In lokaci ya matso ku taho tun naƙuda ba ta fara ba. Kada a yi mata allurar naƙuda a gida, kada a ba ta ƙwayar kemis, kada a ba ta jiƙo. In aka tayar da naƙuda da ƙarfi, ɗinkin nan yana iya ɓarkewa, kuma in ya ɓarke a ƙauye, kafin ku iso nan an rasa ɗa, ana iya rasa uwar. Ka ji ni?"

"Na ji. To ita Gargada fa?"

Da ya yi mata bayanin Gargada, sai da Sista ta nemi kujera ta zauna don dariya. Ta ce hanyarsa ba ta sa kowa haihuwa, ciwon baya kawai take sawa. Hadi ya karɓi maganar ɗinki ya adana a zuciya, maganar hanya kuwa ya yafe mata, domin a ganinsa baiwar Allah ba ta taɓa bin Gargada ba, ba za ta gane ba.

A gida kuwa wata shari'ar ce. Inna Mairama, mahaifiyar Hadi, ta haifi 'ya'yanta duka a bayan ɗaki ba tare da maƙwabta sun ji ko tari ba, kuma ba ta bari a manta da hakan. Ba muguwa ba ce. Ita ta yi jinyar surukarta, ita ta dama mata kunun kanwa, ita ta yi kuka a ɓoye ranar aikin. Abin da ya tsaya mata a rai shi ne an hana ta yi wa mai jego wankan tafasasshen ruwa yadda aka gada, ga kuma matan ƙauye da suka zo barka suna magana ƙasa-ƙasa.

"Ai yanzu an samu sauƙi, barci za ka yi ka farka ka ga ɗa."

"Haihuwar 'yan gayu ke nan."

"Gidan mai ruwan naƙuda guda, a ce sai da wuƙa?"

Ummussalma tana jinsu, ɗinki na ci mata kamar an zuba barkono, ba ta ce komai ba. Amma ta riƙe.

Musaddiq na gudunsa ko'ina aka sake samun rabo. Ummussalma ba ta fasa awo ba ko sau ɗaya. Da watan haihuwa ya kama, har kwanakin da aka ɗiba suka gota ba labari, sai aka ce mata ta haɗo kayanta ta taho a kwantar da ita. A nan ne Inna ta ga ƙofa ta buɗe. Da safiyar tafiyar ta kira ɗanta. Da yake ɗan fari ne ba ta kama sunansa.

"Kai wannan, zo nan."

Ya zo ya durƙusa.

"Matan garin nan duka ka sauke su lafiya. Na Fagam sun zo, na Sundimina an kawo maka. Sai taka ce za ka kai a sake farkewa kamar buhu? Ka bi da ita ta Gargada. In Allah Ya so ba za ku kai titi ba za ku juyo, a yi abin nan a ɗaki kamar kowa, bakin mutane ya mutu."

"Inna, ai sun ce..."

"Su suka haife ka?"

"A'a."

"To ka bi da ita ta Gargada. Umarni na ba ka."

Duk wanda ya tashi a irin gidajenmu ya san ba a cewa uwa a'a da safe a wuni lafiya. Akwai wata hanyar ta zagaye, ta bayan gonaki, mai yashi da laushi, kuma ita Hadi ya yi niyyar bi. Yanzu an rufe ta da kalma ɗaya. Ya sunkuyar da kai ya ce, "To, Inna."

Ku duba halin da bawan Allah ya shiga. Da ya yarda da Sista cewa hanyar ba ta komai, da ya bi abinsa hankali kwance. Amma shi ya san ƙarfin maganinsa. A lissafinsa, rami uku masu kyau sun isa su tayar da naƙuda, kuma naƙuda a nan ita ce iska da ƙarfi a tsakiyar daji. Ga umarnin uwa a gabansa, ga ɗinkin mata a bayansa. Ya ɗaure jakar kaya a kan tanki, ya shimfiɗa bargo ninki huɗu a kan kujera, Ummussalma ta hau. Inna ta tsaya a ƙofar gida har sai da ta ga sun karya kwana sun nufi Gargada, sannan ta koma ta ɗora ruwan zafi.

Da suka iso bakin ramin farko, Hadi ya yi bisimilla, ya sa giya ta ɗaya, ya sauke ƙafafu biyu. Inna ta ce a bi ta Gargada. Ba ta ce a yi gudu ba, domin ba wanda ya taɓa tunanin sai an gaya wa Hadi haka.

Kowane rami sai ya tsaya ya dube shi kamar mai sayen fili, ya zaɓi gefen da ya fi sauƙi, ya lallaɓa tayar gaba ta sauka, ya lallaɓa ta baya.

"Ummu, kin ji wani abu?"

"Na ji rana, Malam."

"A cikin nake nufi."

"Shi ma ya yi barci. Ya zaci a gado muke."

Masu tafiya kasuwa suka fara cim musu. Mata masu tallar nono suka wuce da ƙwarya a ka, suna yi musu sannu. Wani mai keke ya tsaya ya tambaya ko a kira makanike. Ummussalma ta ja mayafi ta rufe fuska.

"Malam, don girman Allah ka ɗan murɗa. Kunya za ta kashe ni kafin haihuwar."

"Kunya ba ta kisa."

Suka lallaɓa suka wuce wata saiwa. Sannan ta ce, a hankali, "In da ka ɗan taka, wataƙila fa in haihu da kaina. Ka san abin da suke ce mini."

"Na sani."

"Ba ka sani ba. Kai ba a gabanka ake faɗa ba."

Hadi bai waiwayo ba, idonsa na kan rami na gaba. "Su faɗa, Ummu. Su yi ta faɗa kina ji. Ni abin da ba na so shi ne su zo suna yabonki ba kya nan."

Can sai ya ji ta gyara zama ta riƙe rigarsa da kyau, ta ce, "To kauce wa wancan, ya fi zurfi ta dama."

Daidai nan ne aka ji ƙwaƙwas-ƙwaƙwas a baya. Baba Iliyasu ne da jakinsa. Tsohon ya rage tafiya don ladabi, yana ganin bai kamata a wuce babur ba, amma jakin bai san wannan ladabin ba.

"Hadi, lafiya kuwa?"

"Lafiya lau, Baba."

"Ko in ɗauki yarinyar a jaki, in kuna sauri?"

Ummussalma ta fashe da dariya a cikin mayafi, Hadi ya firgita ya ce ta daina, kada dariyar ma ta tayar da wani abu. Haka jaki ya wuce, jama'a na kallo, kuma kafin su iso titi labarin ya riga su, ya sha ruwa, ya huta.

Daga Basirka suka shiga mota. Hadi ya zauna kusa da direba yana yi masa wa'azi a kan illar gudu, har suka wuce Gwaram. Direban, wanda Hadi ya sha wucewa kamar walƙiya, ya yi ta kallonsa yana neman alamar zazzaɓi.

A asibiti suka tarar da Sista Munawwara, ta ƙara ƙiba da tabarau. Kafin a ce komai Ummussalma ta kwance bakin mayafinta ta fito da wasu 'yan ƙwayoyi farare ta ajiye a kan tebur. Inna ce ta aika aka sayo a wani kemis, ta ce ta sa a ƙarƙashin harshe in an fara shiga ramuka. Hadi bai san da su ba sai a lokacin.

"Kin sha?" in ji Sista.

"Da na sha da ban kawo miki ba. Tun a zaure na yanke shawara. Na dai rasa yadda zan ce mata a'a ne."

"Ashe ku biyu ne ba ku iya ce mata a'a," in ji Sista, don labarin jakin ya riga su har asibiti. Ta ɗaga ƙwayar ta nuna wa Hadi. Ta ce magani ne na gaske, su ma suna aiki da shi, yana tsayar da zubar jini bayan haihuwa, yana kuma tayar da naƙuda, amma ba a ba mai ɗinki a mahaifa don tayar da naƙuda. Ta jefa su a aljihun tebur ta rufe.

Likita ya duba, ya ce za a ba ta dama ta gwada, amma a hankali. Maimakon magani mai ƙarfi, wata 'yar siririyar roba aka sa mata mai kumburi a baki kamar balan-balan, don ta buɗe hanya sannu-sannu, ana auna bugun zuciyar jariri a kai a kai. Hadi da aka yi masa bayani ya gyaɗa kai irin na masana, ya ce wato giya ta ɗaya.

Washegari naƙuda ta zo, ta yi ta tafiya daidai har wajen azahar. Sai Ummussalma ta ce tana jin wani ciwo daban a wurin tsohon ɗinkin, wanda ba ya lafawa, bugun zuciyar jaririn kuma ya sauya. Ba a tsaya shawara da dangi ba. Tsakanin gadonta da ɗakin tiyata 'yar tafiya ce, kuma a ranar Hadi ya ga gudun da ya fi nasa, a kan gado mai taya. Ya zauna a baranda, ya ga duk addu'ar da ya haddace ta gudu ta bar shi da Fatiha, ita ya yi ta maimaitawa.

Aka fito aka ce mace ce, uwa da 'ya lafiya. Daga baya likita ya gaya masa cewa ɗinkin ya riga ya fara buɗewa, sun riske shi a kan gaɓa. Ya ce da a gida abin ya same ta, to, bai ƙarasa ba. Hadi ma bai nemi ya ƙarasa ba.

Inna Mairama ta iso da ƙwaryar fura da fushinta a shirye. Sista ta ja ta gefe suka yi magana, ba wanda ya ji me aka ce. Da ta fito ba ta ambaci ƙwaya ba, ba ta ambaci Gargada ba, har yau kuwa. Ta ɗauki jaririyar ta daɗe tana kallo, sannan ta ce wa ɗanta, ba tare da ta dube shi ba, "Kai wannan, an ce jaki ya wuce ka."

"Haka ne, Inna."

"Allah Ya yi maka albarka."

Aka sa wa yarinya Hidaya. Ranar suna masu magana ƙasa-ƙasa suka dawo da hajarsu, wata ta ce ashe dai an sake yin barcin. Wannan karon Ummussalma ta amsa, da murmushinta.

"Wallahi Yaya, daɗi gare shi. Ki zo in ara miki ɗinkin ki yi atishawa ɗaya da shi, ki dawo mini da abina."

Inna kuwa, da ke rabon ƙauri, ta tsallake mai maganar ta ba ta kusa da ita.

Kada a zaci Hadi ya tuba. Har gobe ya yi imani da Gargada, laƙabin ma an sake masa fenti. Abin da ya ƙaru shi ne tambaya. Duk magidancin da ya ja shi gefe yanzu, kafin a yi maganar giya sai ya ce, "An taɓa yi mata aiki?" In aka ce e, to babu ciniki, sai dai ya kai ta titi ta hanyar yashi, ya tsaya har ta shiga motar Birnin Kudu, ya kuma bincike bakin mayafi ta hannun mijin. Waɗanda ba a yi wa aiki ba ma, an lura giya ta uku ta koma ta biyu, ko da yake shi yana cewa babur ne ya tsufa.

Jakin Baba Iliyasu ya riga mu gidan gaskiya bara, amma 'yan acaɓa ba su bar shi ya huta ba. Kwanan baya ina zaune a gindin dalbejiyar, Hadi ya iso ya kashe inji, sai wani daga cikinsu ya miƙe ya kare ido da hannu yana hango hanya.

"Ruwa, matsa gefe! Ga wani jaki can ya kunno kai, kada ya banke ka!"

Aka kwashe da dariya. Hadi ya jingine babur, ya zauna a benci, ya karɓi ruwa ya sha, sai da ya goge baki sannan ya ce:

"Ku bar shi ya wuce. Shi buhun dawa ya ɗauko, in ya ɓarke akwai basilla a kowane gida. Nawa kayan, duk faɗin Basirka ban ga mai basillarsa ba."